Shekarun da Na Yi da Bindiga a Ƙarƙashin Jallabiya

A Jidda aka haife ni, a wata tsohuwar unguwa ta kudancin gari, inda ƙamshin daddawa da na gahawa kan fito ta ƙofa ɗaya. Kakana da ƙafa ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Mahaifina ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ranƙwafa, amma ya bar mana abin da yawancin maƙwabtanmu ba su samu ba, wato takardar zama ɗan ƙasa. Da ita na sami aikin gadi a wani kamfanin tsaro. Da ita kuma aka ba ni horo da izinin riƙe makami, abin da ba a ba baƙo mai iƙama, wato izinin zama, balle wanda ba shi da komai.

Na daɗe ina tsaron ƙofar wani sito a unguwar masana'antu, sanye da kaki, bindiga rataye a ƙugu kowa yana gani. Wannan ba ta taɓa damuna ba. Direbobin manyan motoci su gaishe ni, su tsokane ni, mu sha shayi tare a inuwar katanga. Sai wata rana shugabanmu ya kira ni ofis, na tarar da wani mutum a zaune yana juya makullin mota a yatsa. Babban ɗan wani tsohon attajiri ne da ke zaune a Abhur, unguwar masu kuɗi ta bakin teku.

Bai ɓoye mini komai ba. Autan gidansu ya taɓa kaɗe wani saurayi da mota, saurayin ya rasu. Shari'a ta yi abin da za ta yi, an gama, an fitar da autan waje ya zauna can. Amma mahaifin mamacin ya tsaya a ƙofar kotu, gaban mutane, ya nuna tsohon da yatsa ya ce sai ya ɗanɗana masa abin da ya ɗanɗana. Tun ranar 'ya'yan ba su da kwanciyar hankali.

"Mahaifinmu ba ya son ganin kaki a gidansa," in ji shi. "Za ka zama direbansa. Jallabiya za ka sa kamar kowa. Abin da ke ƙarƙashinta, daga ni sai kai sai shi. Ban da ma'aikatan gida, ban da abokanka, ban da mutanen gidanku. Ka yarda?"

Na ce na yarda. A lokacin gani nake yi an ɗauke ni daga rana an kai ni inuwa. Ya nuna mini hoton mahaifin mamacin a waya: dogo, mai kaurin gira, da tabon salla a goshi. Na kalle shi har ya zauna mini a ido.

Abu na farko da na gane shi ne ba don wannan aka yi jallabiya ba. Riga ce ɗaya tun daga wuya har idon sawu. In bindiga tana ƙugu daga ciki, kafin ka tattare rigar ka kai gare ta an gama da kai. Sai na je wurin wani tela Bakano da ya zo Umara ya zauna, yana ɗinki a wani ɗaki bayan kasuwa. Na ce ina so ya farke mini gindin aljihun dama na dukan rigunana, ya daje bakin don kada ya zare. Ya ɗaga kai daga keken ya dube ni, ya dubi ƙuguna, ya mayar da kai.

"Wannan yadin ya yi shara-shara, Alhaji," ya ce. "Sai mai kauri. Kuma zan ƙara maka faɗi ta nan."

Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ƙara ba. Daga ranar na zama mutum mai sa yadi mai kauri a zafin Jidda.

Wanda bai zauna a bakin Bahar Maliya ba ba zai gane abin da laimar teku ke yi wa ƙarfe ba. Ga gumi, ga gishirin da ke cikin iska. In na yi sake kwana kaɗan, sai in ga ja-jan tsatsa ya fara fitowa a jikin bindigar. Don haka kullum da yamma, in na mayar da tsohon cikin gida, nakan rufe ɗakina, in cire harsasai, in goge ta da mai. Warin man nan ya kama yatsuna, har in ina cin abinci ina jin sa. Kuben fatar da take ciki ya goge mini ƙugu, wurin ya yi ciwo, ya warke, ya yi kanta. Na koyi zama a karkace. Na koyi sunkuyawa da gwiwa maimakon da baya. A masallaci na daina shiga tsakiyar sahu, sai in nemi ƙarshen dama inda bango ne maƙwabcina, don kada kafaɗa da ƙugun wani su haɗu da nawa ya ji tauri.

Gaisuwa ce ta fi ba ni wuya. Mu mutanen nan in mun daɗe ba mu haɗu ba, rungumar juna muke yi, kunci ya taɓa kunci. Ni kuwa sai in miƙa hannu tun daga nesa, in sandare shi, mutum ya taho da fara'arsa ya ci karo da hannun. Ba a jima ba magana ta fara yawo a unguwarmu cewa tun da na koma Abhur wurin masu kuɗi na fara ƙyamar jikin talaka.

An ba ni ƙaramin ɗaki kusa da ƙofar gidan, da akwatin ƙarfe a manne da bango. Dokar ita ce: in ina bakin aiki tana jikina, in na tashi tana cikin akwatin. Ba a barin ta a mota, ba a ba kowa ajiya. Sauran ma'aikatan gidan, mai dafa abinci da mai ban ruwan shuke-shuke da masu shara, kowa da ƙasarsa, amma sukan haɗu a bayan kicin su ci a tire ɗaya. Sun kira ni da farko. Na je sau ɗaya, na kasa zama a ƙasa yadda suke zama, na ɗan tsakura na tashi. Da suka ga kuma ni kaɗai ke kulle ɗaki, kuma babban ɗan yana kirana a waya, sai suka yanke cewa ɗan rahoto ne ni. In na doso, hira ta mutu. Na koma cin abinci a ɗakina, ina kallon bangon.

Shi tsohon, matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yan kowa yana gidansa. Gida ne mai ɗakuna da yawa, amma a ɗaya yake rayuwa. Kullum bayan sallar asuba nakan kai shi wani wuri a bakin ruwa inda duwatsu suka shiga teku, in kafa masa kujera, in miƙa masa sandar fatsa. Ba kasafai yake kama komai ba, kuma bai damu ba. Ni in tsaya a bayansa, baya ga teku, ido ga hanya. Shekaru na yi ina zuwa bakin teku kowace safiya, amma motocin da ke tsayawa na fi sani, ba ruwan ba.

Ya tsani bindigar. Wani lokaci ba tare da ya juyo ba sai ya ce, "Ya waladi, abin nan yana nan?"

"Yana nan, ya ammi."

"Allah Ya sa ya ruɓe a wurin."

In ce amin, don har zuciyata amin ɗin ce.

Ranar Juma'a ce hutuna. Nakan kulle bindigar a akwati in tafi wurin mahaifiyata, wadda ke zaune da ƙanwata. Umma aikin direba ta san ina yi. Wata Talata da rana, tsohon yana cin abinci da 'ya'yansa, ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai Umma ta zame a banɗaki ta kasa tashi. Babban ɗan ya ce in tafi. Na fita da gudu, ban ko tuna da akwati ba. Na same ta a zaune a ƙasa an jingina ta da bango, ba karaya, ƙafar ce ta gurɗe. Na sunkuya na ɗauke ta, ta zagaye ƙuguna da hannu don ta riƙe. Na ji lokacin da yatsunta suka tsaya.

Ba ta yi magana ba sai da na kwantar da ita, ta aiki ƙanwata ɗebo ruwan zafi. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana.

"Babana, mene ne wannan a jikinka?"

Na kawar da kai gefe.

"Na san ƙarfe in na taɓa shi. Don a kashe wa?"

"Don kada a kashe wani ne, Umma. Da izinin hukuma nake riƙe da ita."

"Hukuma ce za ta tsaya maka ranar da za a tambaye ka?" Ta daɗe tana kallona. "Ubanka buhu ya ɗauka har ya mutu, ban taɓa jin tsoron abin da ya ɗauko ba. Ba zan ce ka bar aikinka ba. Amma kada ka ƙara shigo mini ɗaki da ita."

Ba ta gaya wa kowa ba, ko ƙanwata. Sai dai daga ranar, duk Juma'ar da na zo na durƙusa gaishe ta, takan kai hannu ta shafa ƙuguna na dama kamar tana kakkaɓe mini ƙura, sannan ta ce a kawo mini tuwo. A ranakun aiki kuwa, in saƙo ya biyo da ni ta unguwar, a bakin ƙofa nake tsayawa in ɗaga murya in gaishe ta, ta amsa daga ciki, in juya.

Ina da aboki ɗaya da muka tashi tare, ƙofar gidansu tana kallon tamu. Shi ma a Jidda aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma iyayensa ba su bar masa takarda ko ɗaya ba. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, yana yawo da akwatin kayan aiki, kullum ido a buɗe saboda askarawa. Shi kaɗai ne bai yarda da maganar cewa na canza ba. In an faɗa a gabansa sai ya ce, "Ku bar shi, gajiya ce."

Wata rana da la'asar an aike ni cikin gari karɓo maganin tsohon, na gan shi a bakin titi na ɗauke shi. Muka tsaya a wani shago mu sayi shayi. Yana fitowa daga mota, gefen akwatinsa ya goge ƙofar wata mota da ke kusa. Ɗan zane ne wanda in ka sa yawu ka goge ba lalle a gan shi ba. Mai motar, wani ƙaƙƙarfan matashi, ya fito yana zagi. Abokina yana ba shi haƙuri, sai kawai ya kwaɗa masa mari, ya kira shi Takaruni, sunan da ake kiran mu 'yan asalin Afirka ta Yamma, da irin muryar da ake faɗar kalmar in ana so ta yi ciwo. Kalmar ta haɗa da ni, da Umma, da kakana.

Na fi yaron tsawo, na fi shi ƙarfi, kuma ni ɗan ƙasa ne kamarsa. In an je gaban hukuma ba abin da zan ji tsoro. Abokina ya san haka, shi ya sa ya juyo ya dube ni, hannunsa a kunci. Jikina ya ɗau zafi har kunnuwana suna ƙara. Amma wanda ya ba mu horo ya sha gaya mana cewa in ka kama kokawa da bindiga a jikinka, ta zama ta ku biyu, wanda hannunsa ya riga kaiwa shi ne mai ita. Na hango mu a ƙasa muna birgima, rigata ta yaye, jama'a sun taru, askarawa sun zo, sun tambayi kowa takardarsa.

Na shiga tsakaninsu, na juya gefen damana nesa da yaron, na ce masa da Larabci laifinmu ne, ya yi haƙuri. Na maimaita har ya gaji da zagi ya shiga motarsa. Na ja abokina muka tafi, ko shayin ba mu karɓa ba.

Muka yi nisa a hanya. Sannan ya ce, "Ni in na rama, gobe ina Tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, jibi ina cikin jirgi. Kai fa? Kai da kake da takarda?"

"Ya akhi, faɗan ba shi da amfani."

"Haƙuri ka ba shi. A gabana." Ya yi wata 'yar dariya. "Ashe gaskiyar mutane ce. Sauke ni a nan."

Maganar tana bakina. Da na kama hannunsa na ɗora a ƙuguna, da ya gane. Amma na yi alkawari, kuma na san in na gaya wa mutum ɗaya don in wanke kaina, gobe zan sami dalilin gaya wa na biyu. Na tsaya, ya sauka da akwatinsa. Bayan haka in mun haɗu yana amsa sallamata, iyakarta ke nan.

Abin da bindigar ta koya mini ke nan tun kafin in taɓa bukatar ta: wanda ke ɗauke da ita ba shi da ikon yin fushi. A hanya a sha gabana, in ba da wuri. A layi a ture ni, in matsa. Mutane suna ganin sanyin hali ne ko tsoro. Ni kuwa na san kowace ƙaramar rigima tana da ƙofar da in ta buɗe ba a rufe ta.

Mahaifin mamacin ya zo ne a wata safiya ta lokacin sanyi, bayan na daɗe da fara tunanin ba zai taɓa zuwa ba. Tasi ta tsaya a bakin hanya, wani dattijo ya fito shi kaɗai. Ya rame, girar ta yi fari, tafiyar ma a hankali yake yin ta. Amma fuskar da na haddace ce. Ya doso mu kai tsaye, hannunsa na dama a cikin aljihun rigar sanyin da ya ɗora kan jallabiya.

Hannuna ya riga tunanina wucewa ta aljihu. Na ji kan bindigar a tafina, da ɗumin jikina a kansa. Na matsa na tare tsakaninsa da kujerar, na ce, "Tsaya nan, ya ammi. Fito da hannunka."

Bai tsaya ba. Bai kuma fito da hannun ba. Ido cikin ido yake kallona yana tahowa.

"Don Allah ka tsaya."

Na zare ta daga kube, amma ban fitar da ita daga cikin riga ba. Yatsana yana gefen kunamar, bai hau ba. Abin da nake gani a gabana tsoho ne da ya kai sa'an mahaifina, kuma ban san abin da ke cikin aljihunsa ba. In na jira na yi kuskure, mutumin da aka ba ni amana ya mutu. In ban jira ba na yi kuskure, na kashe uban da aka riga aka kashe wa ɗa.

Sai na ji muryar tsohon a bayana, a natse. "Ya waladi, matsa. Ka ɗauko masa kujerar da ke cikin mota."

"Ya ammi..."

"Na ce ka ɗauko kujera."

Ban tafi ba sai da mutumin ya zaro hannun. Hankici ne a dunƙule a ciki. Ya goge bakinsa da shi, ya mayar. Na saki abin da na riƙe, na je mota, na kawo kujerar.

Suka zauna gefe da gefe suna kallon ruwa. Can baƙon ya ce, "Ka tsufa."

"Kai ma."

"Matata ta rasu. Babu kowa a gidan yanzu. Duk wanda ya san yaron nan ya daina ambatonsa. Na duba, na ga saura kai kaɗai ne na tabbata ba ka manta da shi ba."

Tsohon ya ajiye sandar fatsa a kan cinyarsa. "Wallahi ban manta ba. Ko kwana ɗaya."

Ban ji an nemi gafara ba, ban ji an ce an yafe ba. Da rana ta ɗaga, baƙon ya tashi, na tsayar masa da tasi. A hanyar gida tsohon ya ce kada in gaya wa 'ya'yansa. Na ce masa aikina ne in gaya musu. Ya ce to in gaya musu, amma in ƙara da cewa ranar da suka hana mutumin zuwa, shi ma ya daina amsa wayarsu. Na isar da saƙon yadda yake. Babban ɗan ya yi faɗa, daga baya ya ce in ci gaba da ɗaukar ta, in kuma ƙara sa ido.

Haka mutumin ya riƙa zuwa duk ranar Alhamis. Na fara ɗauko kujeru biyu da ƙananan kofuna biyu. Ni ke zuba masa gahawa da hannun dama, in miƙa masa dabino, alhali a ƙarƙashin wannan hannun akwai abin da aka ba ni dominsa. Wani lokaci ya yi ta ba da labarin ɗansa, yadda yake son tattabaru, yadda ba ya cin kifi. Tsohon ya saurara. Wani lokaci kuma har su tashi ba wanda ya ce uffan. Ni dai ina tsaye a baya. Su biyun sun sami abokin zama. Ni ba a sa ni a ciki ba, kuma bai kamata a sa ni ba.

Tsohon ya rasu a gadonsa, ciwon zuciya, bayan 'yar gajeriyar jinya. A wurin jana'iza, da aka idar da salla aka ɗauki gawa, na ji an kama hannuna. Mutumin ne. Muka bi bayan jama'a a hankali saboda ƙafarsa.

"Ranar farko da na zo," ya ce, "na san abin da ke cikin rigarka. An gaya mini sun ɗauki mai gadi."

Na ce, "To me ya hana ka tsayawa, ya ammi?"

"So nake ka harba." Ya faɗe ta kamar yana gaya mini farashin burodi. "Na gaji, kuma ba zan iya yi da hannuna ba, ina tsoron Allah. Na ce bari wani ya ɗauke mini. Ban yi tunanin abin da zan ɗora maka ba sai da na ga fuskarka. Ka yafe mini, ya waladi."

Na ce na yafe. Na raka shi har bakin maƙabarta, na sa shi a mota. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san inda gidansa yake ba.

Bayan kwanakin zaman makoki na mayar wa kamfani bindigar, na ce a mayar da ni ƙofar sito, kuma a ba ni wurin da ba a riƙe makami. Aka yi mamaki, amma aka ba ni.

A lokacin an riga an kama abokina an mayar da shi Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin iyayensa. Na nemi lambarsa wurin 'yar'uwarsa, na kira, na gaya masa dukan abin da ya sa na yi abin da na yi a ƙofar shagon shayin nan. Ya saurara har na gama. Ina jin ƙarar babura a bayansa.

"To," ya ce. "Da ka gaya mini a lokacin."

"Ba ni da iko."

"Na gane." Sannan ya tambaye ni ko mai ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, na bakin masallacinmu yana nan, wai ya rasa mai dafa ful irin nasa a can. Na ce yana nan. Muna gaisawa da salla, yana aiko mini hoton 'ya'yansa. Ba mu koma yadda muke ba, ba kuma gaba muke yi ba.

Unguwar tamu yanzu babu ita, an rushe, fili ne. Mutanenmu sun warwatsu, wasu arewa, wasu sun bar garin. Na kama mana wani bene a hawa na biyu, ni da Umma da ƙanwata. Maƙwabtanmu ba su jin Hausa, kowa ƙofarsa a rufe. Umma ba ta iya sauka sai an riƙe ta, don haka yawanci a bakin taga take wuni. In na dawo daga aiki nakan zauna kusa da ita, ta riƙa tambayata ina wance ta koma, ina gidan wane suka tare. Wasu na sani, wasu ban sani ba. Ta ce in bincika mata. Yanzu abin da nake yi da ranakun Juma'a ke nan: in ɗauki mota in bi sababbin unguwanni ina tambaya, in na dace da wata tsohuwar maƙwabciyarmu in roƙe ta ta biyo ni su wuni tare. Makon jiya na samo ɗaya can wajen gari, wadda suka yi shekaru suna sayar da ƙosai tare. Na kawo ta, na sayo musu nama, na bar su a ɗaki suna ta magana a lokaci ɗaya ba mai sauraron wata. Ni kuma na zauna a falo, na bar ƙofar a buɗe don in riƙa jin muryoyinsu.